Maganin Damina Na Yara: Kwana Uku Ake Sha

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙauyenmu yana ƙaramar hukumar Baure, da damina hanyar asibiti takan yanke. Masu bi gida-gida sun ba ɗana ɗan shekara 2 maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, suka bar mini ƙwaya biyu. Da yamma ya yi amai. In ci gaba da ba shi?

Daga wata uwa a Baure

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ci gaba. Aman da ya zo bayan rabin awa da shan magani bai fitar da shi ba. In kuwa a cikin minti 30 na farko ya amayar, a nemo ma'aikaciyar ta sake ba shi.

Ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 wannan magani kyauta, duk bayan kwana 28 har damina ta wuce. Ranar farko ma'aikaciya ke bayar da ƙwaya biyu da hannunta. Biyun da ta bar miki maganin da ake kira amodiyakwin ne, ɗaya washegari, ɗaya rana ta uku. A nan aikin ke lalacewa a gidaje da yawa: a ajiye su sai yaro ya kwanta, ko a raba wa wansa. Yaron da bai cika kwana ukun ba kariyarsa ba ta kai watan.

Ki fara ba shi abinci ko nono. Ki narkar da ƙwayar a ruwa mai tsabta kaɗan, cikin cokali ko ƙaramin kofi, ki ɗora shi a cinya yana zaune, ki ba shi a hankali. Kada a toshe masa hanci a yi masa ɗura, yana iya shaƙewa.

Yaron da jikinsa ya riga ya yi zafi ba a ba shi, gwajin jini yake buƙata. Haka wanda ke shan maganin Septrin, shi ma ba a ba shi. In ƙuraje suka feso ko fuska ta kumbura, a dakatar.

Tunda hanyarku ba ta da tabbas, tun yanzu ku yi magana da mai babur, maigida ya riƙe lambarsa. Jijjiga, ƙin nono, aman duk abin da ya ci, ko barcin da ba ya farkawa, waɗannan ba a jira gari ya waye. A tafi da katin da ake rubuta shan maganin a hannu.