Me ya sa masu sharhi suka yabi kundin HEIS na Rema, alhali masoyansa da yawa sun ƙi shi?

Tambaya: Ni masoyin Rema ne tun waƙoƙinsa na farko. Da kundinsa HEIS ya fito na saurara, ban ji komai ba sai hayaniya da ihu, abokaina ma haka suka ce. Amma masu sharhi a jaridu sai yabo suke yi, har aka sa shi takarar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka. Kunnena ne da matsala, ko kuwa biyansu ake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka lafiya lau yake. Kai da mai sharhi ba abu ɗaya kuke nema ba. Kai ka kunna kundin ne kana jiran daɗin da ka saba ji. Shi kuwa mai sharhi yana duba inda mawaƙin ya baro, da inda ya dosa, da abin da sauran mawaƙa ke yi a daidai wannan lokaci.

Duba inda Rema ya baro. An haife shi a birnin Benin a 2000, ya fito fili a 2019 ƙarƙashin kamfanonin Jonzing World da Mavin. Kundinsa na farko, Rave & Roses, ya fito a 2022, kuma daga cikinsa aka samu "Calm Down", wadda sake haɗa ta da Selena Gomez ya kai ta mataki na uku a jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka a 2023. Waƙa ce mai sanyi, ta soyayya. Duk wanda ya san kasuwar kiɗa ya ɗauka zai sake kawo irinta goma ya kwashi kuɗi.

Sai ga HEIS a watan Yulin 2024: waƙoƙi 11, duka ba su cika rabin awa ba. Tun daga "March Am" da ta buɗe kundin, ganguna ke gudu ba numfashi, murya a shaƙe, yana furzar da kalmomi kamar mai faɗa. "Ozeba" ta ɗauko salon kiɗan titi mai saurin gaske da matasan unguwannin Legas ke rawa da shi. Baƙin mawaƙa biyu kacal ya gayyato, Shallipopi ɗan garinsu da Odumodublvck, babu Bature ko ɗaya. Wannan kuwa ya zo ne a lokacin da kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu ya mamaye waƙoƙin Najeriya, har ka ji waƙa biyar a jere a rediyo ka kasa bambance su. Mutumin da aikinsa sauraren sababbin kundaye ne kowane mako ya gaji da wannan maimaici. Da ya ji yaro mai shekara 24, wanda duniya ta buɗe wa ƙofa, ya juya ya koma kiɗan gida, dole ya miƙe zaune. Jarumtar suka yaba, kuma a ganina sun yi daidai.

Akwai kuma batun jemagu da ya tsorata mutane. A wasan da ya yi a zauren O2 na Landan a Nuwamba 2023, ya fito sanye da abin rufe fuska, ga kuma siffar jemage a dandalin, nan take aka cika intanet da cewa ya shiga ƙungiyar asiri. Abin rufe fuskar nan kwaikwayo ne na fuskar Sarauniya Idia, mahaifiyar Oba Esigie, sarkin Benin a ƙarni na 16. Na asalin, na hauren giwa, yana cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, kuma shi ne tambarin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a 1977. Jemagu kuma, duk wanda ya kwana a Benin ya ga yadda suke rufe sama da yamma. Masu sharhi sun karanta wannan a matsayin ɗa mai alfahari da garinsu, masu sauraro da yawa kuma sun shiga kundin da zargi a zuciya.

Kada ka ɗauka kundin ba shi da aibi. Kusan duk baitocin kirari ne da cika baki: kuɗi, motoci, na fi kowa. Mu da muka taso muna auna mawaƙi da nauyin baitinsa, za mu ji abin ya yi ƙaranci. Sai a waƙar ƙarshe, "Now I Know", ya sassauta ya yi maganar zuci, kuma na so a ce irinta sun fi ɗaya. Wasu masu sharhin sun faɗi haka, sai dai kanun labari yabon yake ɗauka.

Maganar biya kuwa, a raba biyu. Kamfanonin kiɗa suna biyan masu tarin mabiya a kafafen sada zumunta su tallata waƙa, wannan talla ce, ba sharhi ba. Sharhi na gaskiya za ka gane shi: zai ambaci waƙa da sunanta, ya faɗi abin da makaɗi ya yi a cikinta, ya nuna inda aka gaza. Takarar Grammy kuma ba 'yan jarida ke yanke ta ba, mambobin Recording Academy, ƙungiyar da ke bayar da lambar, ne ke jefa ƙuri'a, wato mawaƙa da masu haɗa kiɗa da injiniyoyin sauti. An sa HEIS a rukunin kundin kiɗan duniya a bikin Fabrairun 2025, bai kuma ci ba.

Shawarata, kada ka saurare shi a kwance da abin kunne. An yi shi ne don taro da manyan lasifikoki. Gwada "Ozeba" a irin wannan wuri. In har yanzu bai shige ka ba, ka koma wa Rave & Roses abinka, ba ka yi laifi ba.