Wane harsashi ya dace da mai amosanin gaɓɓai a farautar barewa?

Baba, ka ce bindigarka mai harsashin .30-06 tana dukan kafaɗarka har ka kwana da ciwo, kana neman mai sauƙi don farautar barewa a can Amurka. Allah Ya ƙara afuwa.

Ni dai .243 Winchester zan ce. Tun 1955 ake kayar da barewa da ita, kuma dukanta kusan rabin na .30-06 ne. In kana son harsashi mai ɗan nauyi, ga 6.5 Creedmoor ta kamfanin Hornady, sai dai ta ɗan fi bugu. Idan a jihar Ohayo kake, doka ba ta yarda da waɗannan biyun ba, sai irin su .350 Legend.

Amma kada ka ruɗu da bindiga marar nauyi. Ita ce ta fi naushi, domin nauyin ne ke shanye ƙarfin harbin. Sa roba mai laushi a gindinta, ka ɗora gaban bindigar a kan sandunan tallafe ta. Kafin ka biya, ja sakatar, ka taɓa kunamar da yatsun nan masu ciwo, tunda da asubar sanyi sun fi ƙagewa.