Zanen Barye a gwanjo: na gaske ne?

Malam, ka ce ka ga zanen daji na Barye, Bafaranshen nan mai ƙera zakunan tagulla, an sa shi gwanjo a Paris, kana shakka. Ba abin mamaki ba ne a ga zanen daji nasa. Kafin rasuwarsa a 1875 ya sha zana duwatsu da itatuwan dajin Fontainebleau da fentin ruwa, zakunan ne kawai suka danne sunan zanukan. Ka nemi takardun hannayen da zanen ya bi, ka kuma lissafa la'adar ƴan gwanjo.

Ni dai zafin Yamai nake ji maka in ka sayo zanen. Wani ɗan zanen fentin ruwa da na rataye kusa da taga ya koɗe cikin rani biyu, gara kuma ta ci gefen takardar.