Abin da Ake Zuba wa Okid a Tukunya

"Maigida, okid ɗin nan na sa mata haɗin da muke yi wa sauran furanni, baƙar ƙasa da yashi da takin shanu. Kullum safe ina ba ta ruwa, amma ganyenta sai yanƙwanewa yake yi. Ruwan ne bai ishe ta ba?"

Ajiye butar nan tukuna, yarona. Juye tukunyar ka duba saiwar. Ka ga waccan da ta yi baƙi-baƙi? Matsa ta da yatsa: za ta fashe, fatar ta saɓule, ya rage ɗan siririn zare a tsakiya. Ruɓewa ta yi. Ganyen ƙishi yake ji da gaske, amma ba don ruwa ya yi kaɗan ba, bakin shan ruwan ne ya mutu.

Wannan da aka rubuta Phalaenopsis a takardarta, da 'yan uwanta Dendrobium da Cattleya da Vanda, ba shukar ƙasa ba ne. A dajinsu a jikin bishiya suke maƙalewa, saiwa a waje tana shan iska. Ba tsotsar bishiyar suke yi kamar kauci ba, mazauni kawai suka samu. Ruwan sama ya jiƙa su, kafin jimawa iska ta busar. Saiwar tana da wata farar fata mai kama da soso, wadda take kwasar ruwa nan take. In ta bushe ka gan ta fari-fari kamar azurfa, in ta sha ta koma kore shar. Ka tusa irin wannan saiwa cikin ƙasa, ka toshe mata numfashi ke nan. Akwai dai masu tsiro a ƙasa, irin su Eulophia da ake samu a dajin Afirka, amma ba su ne a hannunka ba.

Saboda haka abin da ke cikin tukunya ba abinci ba ne. Aikinsa ya riƙe shukar kada ta yi rawa, ya ɗan riƙe danshi, ya bar iska ta ratsa.

A Turai da Amurka ɓawon itacen fayin (pine) suka fi amfani da shi. Mu abin da ya fi sauƙin samu shi ne ɓawon kwakwa mai zare-zaren nan na waje, gawayin itace da tsingaro ko fasasshen jan bulo. Ga Phalaenopsis, auna kwano 2 na ɓawon kwakwa, kwano 1 na gawayi, kwano 1 na tsingaro. Kowane gutsure ya zama tsakanin santimita 1 zuwa 2, kamar kan ɗan yatsanka. Ka tankaɗe garin ka zubar, domin shi ne yake sauka gindin tukunya ya zama taɓo. Dendrobium da Cattleya suna da kumburarren kara da suke ajiye ruwa a ciki, don haka sauya musu lissafin: kwakwa kwano 1, gawayi da tsingaro kwano 3, gutsuren kuma ya fi girma. Vanda kuwa kwandon katako kawai take so, saiwa na reto.

Ɓawon kwakwa yana da sharaɗi, kuma nan ne mutane da yawa suke yin asara. Yana ɗauke da gishiri mai ƙone bakin saiwa. Jiƙa shi kwana 3, kana zubar da jan ruwan kowace rana kana sake sabo. Gawayi ma a wanke shi sai ruwan ya daina baƙi. Kada ka kuskura ka sa garin katako na wurin masu yankan katako. Dunƙulewa yake yi kamar tuwo.

Akwai kuma busasshiyar gansakukar nan mai laushi da ake cusa wa waɗanda ake shigowa da su daga waje. Tana riƙe ruwa ninkin-ba-ninkin nauyinta. Da hunturu, lokacin da iska take busar da tukunya cikin kwana biyu, ɗan shimfiɗa ta a saman haɗin yana taimakawa ƙwarai. Da damina ta sauka kuwa, kwashe ta. Wanda ya bar dunƙulenta a tsakiyar saiwa a watan Agusta, samanta zai nuna masa ta bushe alhali ciki sharkaf yake.

Ban ruwa ba a yin sa da lissafin kwanaki. Soka tsinken tsire har tsakiyar tukunya, ka bar shi minti 10, ka zaro ka taɓa a kumatunka. In da sanyi, bar ta sai gobe. In za ka ba ta, yi da safe, ka kwarara har ya zubo ta ƙasa, kada ka bar tukunyar zaune cikin ruwa, kada kuma ruwa ya kwana a tsakiyar ganye. Ruwan sama ya fi. In na rijiyar burtsatse ne kuma ka ga farin gari yana taruwa a bakin tukunya, gishiri ne. Takin ruwa rubu'in abin da aka rubuta a kwalba ya isa, sannan sau ɗaya a wata ka wanke haɗin da ruwa zalla.

Haɗin ma yana tsufa. Cikin shekara 1 zuwa 2 ɓawon kwakwa zai rududduge. Za ka gane shi da tsamin wari, ko ka murza ya zama gari, ko ruwa ya daina wucewa da sauri. Lokacin sauyi shi ne bayan fure ya zube, da zarar sabuwar saiwa mai koren baki ta leƙo.

Wannan taka ba za ta jira lokaci ba. Gasa bakin almakashi a wuta, ka yanke duk saiwar da ta yi laushi, ka bar masu tauri ko da biyu ne. Nemo ƙaramar tukunya da za ta ɗauki ragowar daidai, mai huji a ƙasa da gefe. Babbar tukunya tana daɗewa ba ta bushe ba. Gindin ganye ya tsaya daidai saman haɗin, kada ka binne shi. Ɗaure ta a jikin tsinke, ka kai ta inuwa mai haske, ka bar raunin ya bushe kwana 3 kafin ta ga ruwa. Taki kuma sai ka ga sabuwar saiwa.