Da gaske ne Mumbai gara ce aka kai wa Sarkin Ingila?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji wai birnin Mumbai na Indiya cikin garar aure aka ba wa wani sarkin Ingila, shin gaskiya ne? Wace ce amaryar, kuma ɗanta ne ya gaji sarauta?

Amsa: Eh 'yar uwa, haka aka yi. Sunanta Katarin ta gidan Baraganza, an haife ta a Fotugal a 1638. Babanta, Sarki Juwan na huɗu, shi ne ya ƙwato ƙasar daga hannun Sifaniya a 1640, mamanta Luwisa kuwa ita kanta 'yar Sifaniya ce. To kin ga Fotugal tana cikin tsoron kada a sake haɗiye ta, shi ya sa suka nemi suruki mai sojoji da jiragen ruwa, aka aura wa Sarki Cals na biyu na Ingila ita a 1662, suka haɗa masa da Bombay wato Mumbai ta yau, da Tanja ta Maroko, da kuɗi masu ɗimbin yawa, shi kuma ya turo musu sojoji. Bombay ɗin ma bai riƙe ba, a 1668 ya ba wa kamfanin 'yan kasuwar Ingila mai suna East India hayarta a kan fam 10 kacal a shekara. Tanja kuma suka watsar da ita a 1684.

Zaman gidan dai ba daɗi gaskiya. 'Yar Katolika ce a ƙasar da ke ƙyamar Katolika, ko naɗin sarauniya ba a yi mata ba, Turanci ma ba ta ji lokacin da ta zo, ga miji mai neman mata na fitar hankali. Ya tilasta sai da ta karɓi farkarsa Barbara Biliyas cikin masu yi mata hidima a ɗaki, ranar da aka gabatar mata da ita sai da ta yi haɓo ta suma. Ni a ganina wannan ya fi kishiya ciwo, don kishiya ko ba komai da aure ta shigo.

Haihuwa kuma Allah bai ba ta ba, ɓari ta yi ta yi, alhali shi yana da 'ya'yan waje sama da 10 da ya amsa nasa ne, amma doka ba ta ba su gado. Manyan ƙasa suka matsa masa ya sake ta ya ƙi, haka a 1678 da wani Taitus Ots ya yi mata ƙazafin wai tana shirin sa wa sarki guba, shi ɗin ne ya tsaya mata. A nan kam a yaba masa.

Da ya rasu a 1685 ƙaninsa Jems na biyu ne ya hau, babban ɗan Cals na waje, mai riƙe da sarautar Duke na Monmos, ya yi tawaye aka sare masa kai a shekarar. Ita kuwa ta bar Ingila a 1692 ta koma gida, har ta riƙe wa ƙaninta Sarki Fedro na biyu mulki da ya kwanta ciwo, ta rasu a Lisbon ranar 31 ga Disamba 1705.