Tambaya Da Amsa: Wai Ina Inshorar Lafiyar Da Aka Ce Ta Zama Dole?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki. Ni tela ce, maigidana kuma yana ɗan buga-bugarsa a kasuwa. Watan jiya zazzaɓin cizon sauro ya kwantar min da yaro kwana shida a asibiti har sai da aka ƙara masa jini, wallahi kati mu, gwaji mu, ruwan da aka ɗaura masa mu, hatta safar hannu da sirinji sai da aka rubuto mana muka siyo, ƙarshe dai keken ɗinkina ɗaya na sayar. Maƙwabciyata kuwa mijinta ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kashi 10 kacal take biya na kuɗin magani. Na ji a rediyo wai yanzu inshorar lafiya dole ce ga kowa, to mu ina tamu? Kuma wata ta ce min ma haramun ce. Daga Maman Sadik, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Sadik, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar miki da kekenki da wanda ya fi shi.

Abin da kika ji a rediyo gaskiya ne. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta rushe tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta kafa sabuwa mai suna NHIA, kuma dokar ta ce kowane ɗan Najeriya sai ya shiga inshora. Sai dai dole a takarda daban, dole a ƙasa daban. Ita tsohuwar an yi dokarta tun 1999, ta fara aiki 2005 lokacin Obasanjo, kuma da ma'aikatan tarayya aka fara saboda su albashinsu a hannun gwamnati yake, lissafinsu ba wuya, miji da mata da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 duk suna ciki. Maƙwabciyarki ke nan. To ke fa da kuɗinki ke shigowa yau ɗinkin sallah gobe shiru, ta ina za a cira? Nan gizo ke saƙar, kuma shi ya sa har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da 'yan uwansu yake fitowa.

Amma akwai ƙofar da mutane da yawa ba su san da ita ba. Dokar lafiya ta ƙasa da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a wani asusu, BHCPF, kusan rabinsa na biya wa talakawa kuɗin magani ne, sauran kuma yawanci na gyaran ƙananan asibitocin mazaɓu da sayen magani da kayan aiki. An yi dokar aka ajiye, sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin, kin dai san halinmu. Masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da marasa galihu su ake sa wa gaba. Don haka ki ɗauki lambar NIN ɗinki ki je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ki nemi in-caji, ki tambaya ko suna cikin shirin kuma yaushe ake rajista. Ba zan yi miki alƙawarin za ki samu ba, guraben ba su kai yawan mabuƙata ba ko kusa. In hakan bai yiwu ba ki leƙa ofishin KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, suna da tsarin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa inda mutum ke biya da kansa, ki tambayi nawa ne a shekara, wane asibiti za a haɗa ku da shi, me da me ya shiga me bai shiga ba, ki sa a faɗa miki dalla-dalla kafin ki ba da ko sisi. Ƙarin jini da tiyata musamman, ki tambaya.

Ni dai ra'ayina, kuma na sha faɗa a wannan shafin, bin talaka gida-gida a ce ya kawo kuɗin inshora ba zai kai mu ko'ina ba. Ghana da ta kafa tata a 2003 zamanin Kufuor ɗan haraji ta ɗora, kashi 2.5 a kan kayan da ake saye, kowa na biya ba tare da an bi shi ba. Su ma fa suna kuka da jinkirin biyan asibitoci, haka ma Nijar da ta ce magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2006 bashi ya yi ta taruwa a kan gwamnati har kantocin maganin asibitoci suka riƙa bushewa. Kati a hannu ba magani a kanta, ai an koma gidan jiya, za a sake rubuto miki ki tafi kyamis. Mu nan Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi namu na tarayya yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 yake yawo.

Batun haramci kuwa ni ba malama ba ce, ba zan ba da fatawa ba. Abin da zan iya ce miki shi ne tsarin ya fi kama da gudummawar da kuke haɗawa in wata ta haihu ko an yi rashi, kowa ya zuba, wanda lalura ta faɗa wa a ɗauka a yi masa, shi ya sa ma a Kano ake ce masa taimakekeniya. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin yadda yake aiki, ba sunan inshora kawai ba, ki ji me zai ce.

In kin je asibitin mazaɓar taku ki sake rubuto min yadda kuka yi da in-cajin, ina son ji. A gaida Sadik, kuma don Allah gidan sauro kullum, damina ce.