Baffa, Ruwa Bai Cinye Mu Ba

Baffa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Saƙonku ya iso, na saurare shi har sau uku. Kun ce an nuna muku hoton jikokinku a tsakiyar teku, kowa da wata riga mai kumburi a wuya, matata ce riƙe da sitiyari, ni kuma ina tsugune ina jan igiya kamar yaron mota. Kuka ce me ya kai Bahaushe kwana bakwai a kan ruwa, ba fatauci ba, ba aikin hajji ba, ba gudun yaƙi ba? Sai kuka rufe da wadda ta fi tsaya mini a rai, wai anya ɗan yayanku bai zama Bature ba kuwa. Da yake ba ku kaɗai ke yi mana wannan tambaya ba, na ga gara in amsa a fili, sauran 'yan'uwa ma su ji. Ku gafarce ni idan na yi tsawon baki.

Jirgin ba namu ba ne, haya muke ɗauka. Tsawonsa bai wuce mita 13 ba, da 'yan ɗakuna huɗu waɗanda in mutum ya yi miƙa sai ya taɓa bango biyu. Akwai inji a ciki, amma da iska yake tafiya, manyan ƙyallaye biyu ake ɗagawa a jikin wani dogon sanda. Gudunsa mil 5 ko 6 na teku a awa, kuma mil ɗin teku mita 1,852 ne, wato kimanin kilomita 10 a awa ke nan. Mai keke ma zai wuce mu ya ɗaga mana hannu. To wanda ya ce muku tseren ganganci muke yi da 'ya'yan mutane, bai taɓa ganin abin ba.

Gidaje biyar ne muke wannan tafiya, jirage biyu. Duk a Ingila muke zaune, amma kowa da garinsa, kowa da aikin da ya ɗaure shi. An ce zumunci a ƙafa yake, mu kuwa ƙafafunmu na hannun masu biyan albashi. Shekara na iya zagayowa ba mu haɗu ba sai in an yi haihuwa ko rasuwa, a gaisa a tsaitsaye, kowa na duba agogo. A jirgi babu inda mutum zai gudu. Yaron da ya saba shigewa ɗaki ya rufe ƙofa da wayarsa, dole ya zauna gwiwa da gwiwa da kawunsa har kwana bakwai.

Tun watan Janairu ake fara shiri. Sai mu fara duba kalanda, kada makon ya faɗa cikin azumi ko sallah. Galibi hutun mako guda da makarantun nan ke bayarwa a ƙarshen Mayu muke kamawa, domin Yuli da Agusta zafi ya yi yawa, tashoshi sun cika, wurin ɗaure jirgi ma sai an yi rububi. Masu ba da haya daga Asabar zuwa Asabar suke lissafi. Ka karɓi jirgi da yammacin Asabar, ka dawo da shi tashar da yammacin Juma'a, ka kwana a ciki, da safe ka miƙa makulli. In aka cire ranar karɓa, kwana shida kacal ne na tafiya, kuma a nan sababbin shiga ke yin kuskure. Sai su baje taswira su ga tsibirai birjik, su ce duk sai sun taka. A gaɓar ƙasar Kuroshiya da ke Turai, inda muka fi zuwa, tsibirai da duwatsun da suka leƙo daga ruwa sun haura 1,000, waɗanda mutane ke zaune a kansu kuwa ba su wuce 50 ba. Ko shekara aka ba mutum ba zai gama ba.

Mu dai mil 15 zuwa 25 muke yankawa a rana, tafiyar awa uku zuwa biyar. Daga birnin Split mukan tashi, daren farko mu kwana a Milna, a tsibirin Brac, wadda ba ta fi mil 10 ba, don masu jiri da tashin zuciya su saba a hankali. Washegari mu ratsa ta 'yar ƙofar da ke tsakanin Brac da Sholta, inda manyan jiragen fasinja ke kai da komo, ido a buɗe. Daga nan sai Vis, wadda ta fi nisa cikin teku. Sojojin Yugoslabiya ne suka riƙe wannan tsibiri, baƙo ba ya shiga sai a 1989, kuma har yau akwai wani rami da suka fafe a cikin dutse don ɓoye jiragen yaƙi, yaranmu na son shiga da ƙaramin kwalekwale su yi ihu su ji amsa-kuwwa. A hanyar dawowa mu tsaya Stari Grad, a tsibirin Hvar, garin da Girkawa suka kafa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Dokar surukarku ita ce wuri mafi nisa a kai shi kafin Talata ta wuce, sannan a bar kwana ɗaya fanko, ba a rubuta masa komai ba. Da fensir ma take rubuta jadawalin, tana cewa iska ce mai alƙalami.

Iskokin can sunaye gare su kamar mutane. Akwai maestral, mai tasowa daga arewa maso yamma wajen azahar ta kwanta da magariba, ita ce abokiyar tafiya. Akwai jugo daga kudu maso gabas, mai taruwa a hankali ta zo da hadari da manyan igiyoyin ruwa, ita tana ba da sanarwa. Sai bura, wadda ke gangarowa daga duwatsun arewa maso gabas babu sallama. Kowace safiya kafin a ɗaga anga, wato ƙarfen da ake saki ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, sai an ji rahoton yanayi. Akwai ma'aunin ƙarfin iska daga 0 zuwa 12, wanda wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Francis Beaufort ya tsara a 1805. In aka ce za ta kai 6, da yara a jirgi, ba mu fita, ko da kuwa kowa zai yi fushi. Na'urar oba-oba kullum tana kan tasha ta 16, ta neman agaji, kuma ƙaramin yaro a cikinmu ya haddace 195, lambar masu ceto a tekun ƙasar.

Bari in ba ku labarin da ba na son bayarwa, don ku san wace ce matar da ke riƙe da sitiyarin. A tafiyarmu ta biyu muka shiga wani lungun teku da la'asar, ruwa kwance kamar mai a faranti. Ni na saki anga. Ƙa'ida ita ce a saki sarƙa aƙalla ninki huɗu na zurfin wurin. Zurfin mita 8 ne, ni kuwa na saki mita 20 na ce ya isa, don ina ƙyashin jan ta da safe. Ta tambaye ni nawa na saki, na ce mata ya isa, da irin muryar nan ta maigida. Ta yi shiru. Wajen ƙarfe biyu na dare bura ta sauko. Ƙarar sarƙa tana gurzar dutse ce ta tashe ni, na leƙo na ga fitilar gaɓa ta koma inda ba nan na bar ta ba. Jirgi na ja da baya, duwatsu na matsowa. Kafin in gama salati ta riga ta tayar da inji, ta sa babbar 'yarmu ta haska gaba da tocila, ni kuma ta ce in je in janye angar. Muka sake saki, wannan karon mita 40, ta zauna gadi har asuba da bargo a kafaɗa. Har yau ba ta taɓa tayar da maganar a gaban mutane ba. Ni ne nake tona kaina.

Shekara 19 ke nan da aurenmu, Baffa, kuma har yanzu in an kira daga gida sai a ce, ina Baturiyar? Tana da suna. Ta musulunta tun kafin in san za ta aure ni, tana azumi a kwanakin bazarar nan da rana ke kai awa 16 ba ta faɗi ba, ita ta yi jinyar yayanku wata bakwai a ɗakinmu na ƙasa. Mahaifinta yana da ɗan ƙaramin jirgi a gaɓar kudancin Ingila, a ciki ta tashi, shi ya sa ta riga ni samun lasin. Hukumar Kuroshiya ba ta yarda a ba mutum jirgi sai ya nuna lasin tuƙi da takardar iya amfani da oba-oba, kuma ba ta tambayar wane ne maigida. Daga baya ni ma na je na yi kwas na kwana biyar a kan ruwa na karɓi nawa. Amma iya ruwa fidda kai, wanda ya fi iyawa shi ke tuƙi. Na san ana cewa wanda ya auri 'yar masu gari ya ba da 'ya'yansa kyauta. Cikin gidaje biyar ɗin nan, uku haka aurensu yake, ɗaya ma ƙanwarmu ce ta auri ɗan ƙasar, kuma shi ne mai tashin yara sallar asuba a jirgi na biyu.

Maganar salla kuwa, a teku na fahimci wasu babukan fiƙihu da na karanta ina yaro ban san amfaninsu ba. Tankin ruwan daɗi lita 400 ne ko ƙasa da haka, mutum takwas, kwana bakwai. A shekarar farko wani yayanmu ya kusa ƙarar da shi cikin kwana biyu, alwala yake yi kamar yana bakin rijiya. Sai wani dattijonmu ya tuna mana hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda wani ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa suna hawa teku da ruwa kaɗan, ko su yi alwala da ruwan teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne. Tun daga ranar guga muke zurawa. Alƙibla daga can tana kudu maso gabas, ga kamfas a gaban sitiyari, sai dai jirgin da ke kan anga juyawa yake yi da iska. Ka kabbara kana fuskantar wani tsauni, ka sallame ka gan shi a kafaɗarka ta hagu. Yaran suka yi ta tambaya har sai da aka zaunar da su aka yi musu bayani, kuma ban taɓa ganin sun saurari karatu da irin wannan kwaɗayi ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Hausarsu ta karye. Ƙaramar takan ce jirgin ta tafi, igiyar ya tsinke, duk ta juya su. Namijin yana jin komai amma amsa sai da Turanci. Abin yana yi mini ciwo fiye da yadda kuke zato, ba sai an tuna mini ba. Shi ya sa muka kafa doka cewa daga an kwance igiya daga tasha, Hausa kaɗai ake yi, in ba an shiga haɗari ba. Kayan jirgi da yawa ba mu san sunansu da Hausa ba, sai yaran suka raɗa musu. Babban ƙyalle uwa, na gaba ɗiya, abin naɗe igiya kuma dutsen niƙa, don haka ake juya shi. In kuka ji yarinya 'yar shekara tara ta ƙwala, ku sassauta wa ɗiya, iska ta ƙaru, da dariya za ku yi, amma da Hausa ta faɗa, kuma uwarta da Hausa ta amsa.

Sau ɗaya yayanku ya bi mu, shekara biyu kafin rasuwarsa. Bai iya iyo ba, bai kuma yarda ya koya ba. Rigar kariyar nan da kuka gani a hoto, a kan babbar rigarsa ya ɗaura ta, bai cire ba ko da zai kwanta. Da zai sa ƙafa a jirgi ya karanta Bismillahi majreha wa mursaha, addu'ar Annabi Nuhu da ke cikin Suratu Hud, ya sa jikokinsa suka maimaita, har yau da ita muke tashi. Kwana biyu na farko bai ce uffan ba, yana riƙe da ƙarfe da hannu biyu. A rana ta uku, muna tsakanin Vis da Hvar, aka kashe inji, ba ka jin komai sai ruwa na shafar cikin jirgi. Sai ya fara ba yaran labarin ƙuruciyarku, yadda ku biyu kuka ɓata da jakin kakanmu har dare, aka fita nemanku da fitila. Shekara 40 ina tare da shi ban taɓa jin wannan labari ba. Ya ce ku ne kuka fara kuka, ban sani ba ko za ku yarda.

Bana akwai gado ɗaya da babu kowa a jirginmu. In kun amince, ku ba mu autanku, tun da ya gama jarrabawa. Kuroshiya ta shiga tsarin bizar Schengen, wadda ƙasashen Turai da dama suka yi tarayya a kai, tun Janairun 2023, neman bizar kan ɗauki lokaci, don haka ya fara haɗa takardunsa tun yanzu, ni zan aiko da wasiƙar gayyata. Kafin nan a samu wanda zai koya masa iyo, ko na mita 50 ne. Surukarku ta ce in gaishe ku da kyau, ta kuma ce a auno mata faɗin ƙirjinsa saboda rigar kariya.